Wai da gaske suke faɗan nan, ko duk shirin furodusoshi ne?

Ƙanwata kin tambaya cewa kin fara kallon Real Housewives na Beverly Hills, kin kai zango na 9, kuma kanki ya ɗaure, wai ta yaya mata masu kuɗi haka, masu jirgi da gidaje kamar otal, za su zauna wata da watanni suna kuka da majina a kan kwikwiya ɗaya, har ƙawancen sama da shekara goma ya mutu. Kika ce da gaske ne ko wasan kwaikwayo ne. Toh ki gyara zama, don aikina kenan tace hoton talabijin, kuma wannan shirin na daɗe ina binsa da idon aiki da kuma idon gulma, ba zan ɓoye miki na biyun ba.

Kukan gaskiya ne, haushin gaskiya ne, ƙawancen ma yawanci gaskiya ne, amma abin da suke cewa shi ne dalilin faɗan kusan kullum ba shi ba ne. Babu wanda ya rubuta musu magana ya ce su hadda ce. Abin da ake yi ya fi haka wayo.

Mu fara da kwikwiyar tunda ita ta kawo ki. Sunanta fa Lucy Lucy Apple Juice, tun daga sunan kin san ba talaka ya raɗa shi ba. Dorit Kemsley ce ta karɓo ta daga gidan ceton karnuka na Lisa Vanderpump, daga baya ta ce kwikwiyar tana cizon yaranta har ta ciji mijinta PK a fuska, sai ta ba wata mata, ita kuma Lucy aka wayi gari ta ƙare a wani gidan ajiye karnukan da ba su da masu, aka duba 'yar na'urar da ake sa musu a ƙarƙashin fata aka ga daga wajen Lisa ta fito, aka bugo waya. A takardar da Dorit ta sa wa hannu akwai sharaɗin cewa in ba za ki iya riƙo ba ki dawo da ita inda kika ɗauko, in ba haka ba akwai tarar dala 5,000. Shikenan fa asalin maganar. Ga matar da jakar hannunta ɗaya ta fi wannan kuɗin, ai da ta ce yi haƙuri Lisa na yi kuskure, ga cek, da an wuce wajen kafin la'asar.

Amma ina. A fitowar farko Kyle Richards da Teddi Mellencamp suka je gidan karnukan, aka fito musu da Lucy a gaban kamera, Lisa na gefe tana cewa a'a ni bana son a yi maganar nan, a bar ta. Daga baya Teddi ta amsa da bakinta cewa ta san da shirin, an yi ta musayar tes da wani ma'aikacin wajen, ta ce Lisa ce ta tsara komai don a kunyata Dorit ita kuma hannunta ya fita fes. Ana cikin haka sai labarin ya fito a shafin gulmar taurari na Radar Online, sauran matan suka ce ai wannan rubutun ƙamshin Lisa yake. Kyle ta ɗauki ƙafa ta je Villa Rosa, gidan Lisa, gidan nan da sai kin tsallaka 'yar gada kin wuce fararen agwagi masu dogon wuya kafin ki kai ƙofa, ta tsaya a kicin ta ce mata kowa na ganin ke kika kai labarin, kuma ni ma ban ce ba zai yiwu ba. Lisa ta rantse da ran 'ya'yanta, mijinta Ken Todd, dattijo mai yawo da kare a hammata, ya taso ya daka wa Kyle tsawar nan ta Goodbye Kyle, wadda har yau masu kallo suke jefa wa juna. Lisa har zuwa ta yi aka ɗaura mata na'urar gano ƙarya a gaban kamera, wai don a wanke ta daga zargin gulmar kare. Ba ta je zaman ƙarshen zango ba, wanda ake tara matan duka a tattauna abin da ya faru, a 2019 ta bar shirin bayan ta yi zango 9 cur tun daga 2010.

Yanzu ki tambayi kanki, a duk wannan hayaniyar wa ya damu da Lucy? Babu. Tun fitowa ta biyu aka manta da ita. Abin da ake faɗa a kai shi ne wa ke riƙe da akalar labari. Shekara da shekaru matan nan suna zargin Lisa da cewa ita ce mai zuga wata ta faɗi magana sannan ta koma gefe tana shafa karenta, sun faɗa a lokacin Brandi Glanville, wata tsohuwar 'yar shirin, sun faɗa a zango na 6 lokacin da aka yi ta raɗe-raɗin ko ciwon Yolanda, ita ma 'yar shirin ce a lokacin, na gaske ne, amma ba su taɓa kama ta da hujja ba, kuma masu kallo suna sonta, ga ta da wani shirin nata na daban a tashar Bravo, Vanderpump Rules. Sai ga kwikwiya ta kawo musu tes a rubuce. Kin san yadda ake faɗa a kan anko a gidan biki, a ce wai don ba a kai wa wance nata da wuri ba, alhali kowa a dangi ya san tsohon haushi ne na shekara biyar? Toh Lucy ankon ce.

Ni a ganina, kuma na san masoyan Lisa za su cinye ni, maganar fito da kwikwiyar a gaban kamera da wuya a ce ba ta san da ita ba. Amma yadda suka taru mata su biyar shida, mace da ɗan uwanta ɗaya tilo ya rasu watanni kaɗan kafin a fara ɗauka, wannan kam rashin imani ne, kuma Kyle da ta san halin da take ciki ita ya kamata ta ja birki.

Ga kuma wani abin da ya kamata ki lura da shi, wanda shi ne ya fi ba ni dariya. A daidai lokacin da suke wannan shari'ar karen, jaridu suna ta buga labarin ƙararraki na gaske a kotu. Ana maganar bashin da ake bin PK, an kai mijin Kyle Mauricio ƙara kan cinikin wani katafaren gida a Malibu (ya musanta), su ma masu ba da rance sun fara bin mijin Erika Jayne, ita ma ɗaya daga cikin matan. Duk wannan kusan babu wadda ta ɗaga a teburin cin abinci. Kowa ta san in ta taɓo aljihun wata za a taɓo nata, don haka aka yi ittifaƙi ba tare da an zauna ba: a yi ta kare kawai. Shi ya sa kike ganin faɗan masu kuɗi kullum a kan abin banza yake, wa bai gayyace ni ba, wa ta zauna a kujerata, wa aka ba ƙaramin ɗaki a tafiya. Faɗan banza ba shi da lauya.

Bari in nuna miki yadda injin yake aiki, don in kin gane shi ba za ki ƙara kallon shirin yadda kike kallo ba. Tun 2006 da tashar Bravo ta fara da Orange County tsarin bai canza sosai ba. Ana ɗauka na wasu watanni, kowace mace akwai furodusan da ke manne da ita, shi ne zai ce mata gobe za ki ci abincin rana da wance, kuma kin san jiya ta ce kaza ko? Bai yi ƙarya ba, bai kuma ce ta yi faɗa ba, ya dai zuba fetur ya ajiye ashana kusa. Sannan a kowane zango akwai tafiya, a kwashe su a kai Amsterdam ko Bahamas ko Aspen, kwana da kwanaki gida ɗaya, ga giya kamar ruwan famfo, ga rashin barci, ga mutanen da da ba don kwantiragi ba ko gaisuwar hanya ba za ta haɗa wasunsu ba. A Amsterdam ɗin nan ne Lisa Rinna, wata Lisar daban, ta fasa kofin giya a kan tebur don Kim Richards, yayar Kyle, ta ce bari mu yi maganar mijinki, ba ta ma faɗi komai a kan mijin ba fa, har yau ba a san mene ne ba.

Sai kuma hirar kujera, wadda kike ganin mace ta ci kwalliya ita kaɗai tana magana da kamera kamar abin yanzu yake faruwa. Wannan ana ɗaukarta ne daga baya, wani lokacin bayan makonni ko watanni, furodusa na bayan kamera yana tambaya, kuma ana cire muryarsa. Mu a wajen tacewa nan ne gonarmu. Kallon banza da wata ta yi wa mai kawo abinci za a iya ɗauko shi a liƙa bayan maganar ƙawarta, shirun daƙiƙa biyu a ja shi ya zama shida a sa masa kiɗa mai tada hankali. Ba a ƙirƙiro kalmomin ba, ita ta faɗe su, amma jerin da aka yi musu namu ne.

To ki duba abin da wannan yake yi wa ƙawance. Kun yi faɗa a watan bakwai, kun shirya a watan takwas, kun rungumi juna kun yi kuka. Watan biyu na shekara mai zuwa shirin ya fito, sai ki zauna a falonki ki ga ƙawar taki sanye da rigar dala dubu nawa tana kwaikwayon muryarki tana cewa ai ke daman haka kike, mutum miliyan suna kallo suna dariya, suna kuma bin ki a Instagram suna maimaita miki. Faɗan da aka binne sai ya tashi da sabon ƙarfi, daidai lokacin da za a kira ku zaman ƙarshen zango, a zaunar da ku a kujeru biyu suna fuskantar juna, Andy Cohen mai jagorantar zaman a tsakiya da katunansa yana murmushin mugunta yana cewa wata mai kallo daga jiha kaza tana tambaya me ya sa kika ci amanarta. Zaman nan yini guda ake yi ana abu ɗaya. Har wurin zama ma siyasa ne, wadda aka ajiye kusa da Andy ita ce tauraruwar shekarar, wadda ke can ƙarshen kujera ta fara lissafin ko za a sabunta mata kwantiragi. A irin wannan zaman ne Kim ta zo da 'yar tsanar zomo da Rinna ta ba jikanta, har lokacin tana cikin ledarta, ta miƙa mata abarta ta ce ba da zuciya ɗaya aka bayar ba. Rinna ta zubo da hawaye ɗaya tal, wallahi ko a Indiya sai an tafa mata.

Kuma kwantiragin nan shi ne gishirin miyar. Ba wadda ke da tabbacin shekara mai zuwa. In kin zauna lafiya da kowa ba ki da labari, in ba ki da labari a karɓe daimon ɗin da kike riƙewa a farkon shiri a mayar da ke ƙawar 'yan shiri, ko a sallame ki gaba ɗaya. Teddi da ta yi wa ƙungiya aikin kare, bayan zango na 10 aka sallame ta. Kenan ƙawarki ta gaskiya ita ce kuma abokiyar takararki, kuma sirrin da kika faɗa mata a waya da daddare shi ne abin da zai iya tsare mata aikinta in ta faɗe shi a gaban kamera. Ki faɗa min wane ƙawance ne zai jure wannan shekara goma.

In kina son ki ga inda wasan ya daina zama wasa, ki jira zango na 11. A watan Nuwamba 2020 Erika Jayne ta shigar da takardar neman saki daga Tom Girardi, babban lauya a Los Angeles, bayan aure na shekara 21, wata ɗaya bayan nan aka kai ƙara ana zargin kamfaninsa da cinye kuɗin diyyar iyalan waɗanda suka mutu a haɗarin jirgin Lion Air na 2018, marayu da zawarawa a Indonesiya. Wannan matar ce fa da ta taɓa cewa kwalliyarta kaɗai tana cin dala 40,000 a wata. Ta ce ba ta san komai ba, kuma ba a tuhume ta da laifi ba, shi Tom ne kotu ta samu da laifin zambar kuɗin waɗanda yake karewa a 2024 aka yanke masa sama da shekara 7 a 2025. Amma ki kalli ƙawayen. Waɗanda suka yi wata shida suna binciken kwikwiya kamar 'yan sandan ciki, da aka zo maganar miliyoyin marayu sai kowa ta zama kurma. Erika ta ba su labarin wai ɓarawo ya shiga gidan Tom, Tom ya tare shi, aka yi masa aikin ido, ɗanta ya je taimako, a hanyar dawowa motarsa ta wuntsila sau biyar a cikin dusar ƙanƙara, suka gyaɗa kai suna cewa ayya. Mazajen Kyle da Dorit ne suka kasa daurewa suka fashe da dariya a teburin cin abinci. A cikin matan Sutton Stracke ce ta karanta labarin da jarida ta buga a kan zargin tun daga farko har ƙarshe ta fara tambaya, ita da Garcelle Beauvais, sai Erika ta juyo mata da haƙora a waje a gidan Kathy Hilton, babbar yayar Kyle, sauran suka sunkuyar da kai suna kallon faranti. Daga baya har 'yan kunne na dala 750,000 alƙali ya ce ta miƙa a 2022.

Kin ga ke nan akwai biyayya a tsakaninsu, ba wai babu ba, sai dai biyayyar ƙungiya ce, ki rufa min in rufa miki. Kuma ko ita ba ta dawwama. Kyle da Dorit da suka haɗa kai suka ga bayan Lisa, suna tafiye-tafiye da mazajensu, bayan 'yan shekaru Kyle ta ce ai daman ba wani kusanci ne sosai tsakaninsu ba, Dorit ta karanta dogon tes ɗin da Kyle ta turo mata a gaban kamera, sannan bayan Dorit da PK sun rabu a 2024 sai rigima ta koma kan wai me ya sa Kyle take tura wa PK hotunan barkwanci a waya. Zango guda aka yi a kan wannan. Mata 'yan kusan hamsin da 'yan sama da hamsin.

Su Kyle ma ai 'yan uwa ne ciki ɗaya da Kim da Kathy, kuma shirin bai bar su ba. Ƙarshen zango na 1 a bayan limozin Kyle ta tona wa duniya cewa yayarta mashayiya ce, Kim ta ce ke kuma kin sace min gida. A Aspen kuma zango na 12, Rinna ta yi odar giyar kamfanin Kendall Jenner alhali Kathy tana ta tallar wadda ta sa jari a ciki, abin da ya biyo baya a daren ba kamera, sai labarin Rinna kawai muka ji, amma ya isa ya raba Kyle da yayarta Kathy na tsawon lokaci.

In kin gama da Beverly Hills ki wuce Salt Lake City, can ne hauka ya yi digiri. Faɗan farko a shirin wai Mary Cosby ta ce Jen Shah tana warin asibiti. A watan Maris 2021 suna cikin bas za su tafi hutu Jen ta amsa waya ta ce mijinta ba lafiya ta sauka, mintoci kaɗan sai ga jami'an gwamnatin tarayya sun zagaye motar suna nemanta, ashe damfarar tsofaffi ake yi ta waya. Ta yi ta rantsuwa ba ta yi ba, ƙawarta a shirin Heather Gay ta tsaya mata tsayin daka, sai a 2022 ta amsa laifinta a kotu, aka ba ta shekara 6 da rabi. Heather ɗin nan ta tashi wata safiya da ido a kumbure baƙi ƙirin ta ƙi faɗin wanda ya yi mata, sai bayan Jen ta shiga gidan yari ta ce ai ita ce. Ana tsaka da irin wannan Lisa Barlow kuma tana kukan zoben dala 60,000 da ya ɓace mata a banɗakin filin jirgi, ta faɗi kuɗin zoben ya fi a ƙirga.

Na Legas da aka fara a Showmax a 2022 da na Abuja a 2023 duk injin ɗaya ne, lasisin tsarin aka sayo, shi ya sa za ki ga tafiyar, da hirar kujerar, da zaman ƙarshen, sai dai namu sun fi ba da ƙarfi a kan wa ta makara da wa ta girmi wa.

Shawarata in kina kallo, duk lokacin da faɗa ya ɓarke kada ki tsaya kan wadda ke ihu, ki duba wadda ta yi shiru tana kurɓar abin shanta, da wadda ta fara kawo maganar da cewa ni fa bana son in faɗa amma. Ki kuma lura da kaya da gashin da ke jikin mace a hirar kujera, in sun canza a tsakiyar magana ɗaya to ranaku biyu aka haɗe. Sannan in jimla ta fara da fuskarta ta ƙare ana nuna miki hoton titi ko ƙofar gida, akwai yiwuwar an yi ɗinki a wajen.

Ita kuma Lisa Vanderpump tun da ta tafi ta ci gaba da buɗe wuraren cin abinci da mashaya a Las Vegas, ita da Kyle sun sha haɗuwa a gidajen abinci a Los Angeles, har akwai ranar da Lisa ta sa aka kai wa teburin su Kyle takardar kuɗin abincin da ta ci, ta ce wasa take yi, Kyle ba ta biya ba.